Ra'ayinmu: Ruwa Ba Ya Karɓar Umurni

Tun daga farkon wannan zangon karatu wasiƙu ke ta shigo mana a kan magana guda, har abin ya kai ba za mu iya ci gaba da kau da kai ba. Maganar kuwa ita ce ta waɗansu 'yan'uwanmu ɗalibai da suka mai da ɗakin hutawa na masaukin maza tamkar maƙera, suna raba dare a gaban kwamfuta suna ƙera jiragen ruwa na yaƙi, irin waɗanda iyayenmu ke kira manuwa. Jiragen nan ba a taɓa yin su a duniya ba, ba kuwa za a yi su ba. Ɗalibi ne zai zauna ya zana gangar jirgi, ya jera masa igwogi, ya yafa masa sulke, ya raɗa masa suna, sa'an nan ya tura shi teku a cikin wasan ya ga abin da zai faru. Ɗaya daga cikin masu rubuto mana ya ce abin kunya ne yaron da bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu girma ba ya kwana yana gardamar kaurin sulken manuwa, alhali kuwa jarrabawa ta ƙarato. Wani kuma ya nemi Majalisar Wakilan Ɗalibai ta zartar da ƙudurin hana wasan a ɗakin hutawa ɗungum, tun da kuɗin man janareto daga aljihun kowa yake fitowa.

Ba mu so mu yanke hukunci a kan abin da ba mu gani ba. Saboda haka muka je muka zauna da su dare biyu, muka kalla, muka yi tambayoyi, aka kuma ba mu muka taɓa. Ra'ayinmu bayan haka shi ne kada a hana. A tsara lokaci dai, a kuma raba nauyin man bisa adalci. Dalilinmu kuwa ya wuce tausaya wa masu neman nishaɗi. Mun tarar da wani darasi a cikin wasan nan wanda muke ganin duk wanda zai fita daga jami'a ya riƙe fayil a ofishin gwamnati yana bukatarsa, ga shi kuwa ba a cika samunsa a ɗakin lacca ba.

Bari mu fara bayyana wa wanda bai sani ba yadda abin yake. Wasannin iri-iri ne. Akwai Rule the Waves, wanda ya fara fitowa a 2015, na biyunsa a 2019, na uku a 2023, na ukun nan yana ɗaukar mai wasa tun daga shekarar 1890 har zuwa 1970. A cikinsa an naɗa ka shugaban mayaƙan ruwa na wata ƙasa, kamar Ingila ko Jamus ko Japan ko Italiya. Ana ba ka kasafin kuɗi, kai ke tsara jiragen da za a gina, ka jira watanni masu yawa kafin a gama su, in kuwa ka yi ta kwafsawa har martabarka ta zube, sai gwamnati ta sallame ka. Akwai Ultimate Admiral: Dreadnoughts na kamfanin Game-Labs, inda kake ganin jirgin da idonka kana ɗora masa kaya ɗaya bayan ɗaya, wasan yana nuna maka ko nauyi ya rinjaya gaba ko baya. Akwai kuma From the Depths, inda ake harhaɗa jirgi guntu-guntu kamar mai jera tubali, in an yi kuskure ya kife tun bai yi nisa da gaɓa ba.

Duk da bambancinsu, doka ɗaya ce ke mulkinsu, watau wadda Arkimidis mutumin Girka ya gano fiye da shekaru 2,000 da suka wuce: duk abin da ke yawo a bisa ruwa yana ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa. Saboda haka idan aka ce jirgi tan 20,000 ne, to, tan 20,000 ɗin ke nan, babu ƙari. A cikinsu za ka fitar da nauyin gangar jirgin kanta, da na injuna da tukwanen tururi, da na kwal ko mai, da na igwogi da harsasansu, da na sulke, da wurin kwanan ma'aikata da abincinsu da ruwan shansu. Kana son gudu, sai ka ƙara injuna, injuna su cinye nauyin da ka tanadar wa sulke. Kana son manyan igwogi, sai hasumiyar da ke ɗauke da su ta yi nauyi, ita ma ta bukaci nata sulken. Ka ce to bari in ƙara girman jirgin gaba ɗaya, sai wasan ya gaya maka kwarmin gina jirage na ƙasarka bai kai ya ɗauke shi ba, baitulmali kuma ba ta da kuɗin faɗaɗa shi bana. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A nan taura huɗu aka miƙo maka, bakin kuwa ɗaya ne.

A daren farko mun ga wani sabon shiga ya tsara jirginsa na fari. Ya jera masa manyan igwogi 12, ya nemi ya fi kowane jirgi gudu, ya kuma yi masa sulke mai kauri daga kai har ƙafa. Sai wani jan rubutu ya fito a allon, yana cewa jirgin ya wuce nauyinsa. Ya danna, ya sake dannawa, wasan ya ƙi karɓa. Da ya gaji sai ya fige sulken har lissafi ya daidaita, aka gina masa jirgin. A karon farko da abokan gaba harsashi ya huda hasumiyar igwa ya tarar da rumbun albarushi, jirgin ya tarwatse. Ɗakin ya kaure da dariya. Mu dai jan rubutun nan ne ya tsaya mana a rai, za mu kuwa komo kansa.

Kada mai karatu ya ɗauka masu shirya wasan ne suka ƙago wannan tarko don su wahalar da yara. Daga tarihi suka kwaso shi. A 1906 Ingila ta ƙaddamar da manuwar nan Dreadnought, mai nauyin tan 18,000 da 'yan kai, da igwogi 10 masu faɗin baki inci 12, da sabon samfurin injin tururi da ke kai ta kimanin kilomita 39 a sa'a. Fitowarta ta mai da dukan manyan manuwoyin duniya tsofaffin yayi, har da na Ingila kanta. Shugaban mayaƙan ruwan Ingila na lokacin, Admiral John Fisher, bai tsaya nan ba. Ya sa aka gina waɗansu jiragen masu irin waɗannan manyan igwogi, waɗanda suka fi ta gudu, aka biya kuɗin gudun da sulke, bisa tunanin cewa wanda ba a cim masa ba, ba a dukansa. Ranar 31 ga Mayu 1916, a yaƙin Jutland da Jamus, uku daga cikin irin waɗannan jirage suka tarwatse: Indefatigable da Queen Mary da Invincible. Mutum fiye da 3,000 suka halaka a cikinsu. Masana tarihi sun nuna cewa ba siraran sulke kaɗai ya jawo haka ba, har da al'adar tara albarushi a fili kusa da igwa don a riƙa harbi da sauri. Ita ma cinikin ce, an sayi sauri da tsaro. Bayan shekaru 25, ranar 24 ga Mayu 1941, manuwar Hood ta bi sahunsu a hannun Bismarck ta Jamus. An daɗe da sanin sulken samanta bai isa ba, an kuma yi niyyar yi mata babban gyara, yaƙi ya riga gyaran zuwa. Cikin mutum 1,418 da ke cikinta, 3 suka tsira.

Akwai kuma ciniki na biyu, wanda ya fi na sulke haɗari domin ido ba ya ganinsa, watau wurin da nauyi ya zauna. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale ya san dalilin da ya sa mai fito ke cewa kowa ya zauna. In kaya sun taru a ƙasa, jirgi ya karkata ya dawo. In sun taru a sama, ya karkata ya zarce. A 1922 manyan ƙasashe biyar, Amurka da Ingila da Japan da Faransa da Italiya, suka ƙulla yarjejeniya a Washington cewa babu babbar manuwar da za ta wuce tan 35,000, ko ta ɗauki igwar da ta wuce inci 16. A 1930 aka ƙara wata a Landan, wadda ta ƙayyade ƙananan jirage, amma ta bar waɗanda ba su kai tan 600 ba babu iyaka. Sai Japan ta ga ƙofa. Ta gina ƙananan jirage ƙasa da wannan awo, ta lafta musu makaman da suka dace da jirgin da ya fi su girma ƙwarai. A watan Maris 1934 ɗaya daga cikinsu, Tomozuru, ya kife a cikin hadari yayin atisaye kusa da Sasebo, mutum 100 suka mutu cikin 113. Dole ta sa aka sake duba jiragen Japan da yawa, aka sauke musu kayan sama, aka ƙara musu nauyi a gindi. An bi ƙa'idar takarda daidai, ruwa kuwa bai sa hannu a yarjejeniyar ba.

Yanzu mu komo kan jan rubutu. A cikin wasa, in lissafi bai yi ba, na'ura ce ke faɗa, ba ta jin kunyar kowa, ba ta tsoron a canja mata wurin aiki. A duniya kuwa babu irin wannan na'ura a tsakanin mai ba da umurni da ruwa. Mutum ne a wurin, sau da yawa ƙaramin ma'aikaci, mai iyali, mai jiran ƙarin girma. Labarai biyu sun isa su nuna abin da ke faruwa in wannan mutum ya yi shiru, ko kuwa ya yi magana aka ƙi ji.

Na farko ya faru a Suwidin. Sarki Gustaf Adolf yana fagen yaƙi da Polan, yana ta aiko da wasiƙu a gaggauta fito masa da sabuwar manuwarsa Vasa, mai igwogin tagulla 64 a hawa biyu. Kafin ta tashi, kyaftin ɗinta ya shirya gwaji a gaban Admiral Klas Fleming. Aka sa mutum 30 su riƙa gudu tare daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kacal suka yi aka tsai da su, don jirgin ya fara tangaɗi kamar zai kife a nan bakin kwata. Kowa ya gani, kowa ya gane, ba wanda ya ɗauki alhakin hana tafiya, domin sarki ne ya amince da awon jirgin, sarki ne kuma ke jira. Ranar 10 ga Agusta 1628 Vasa ta tashi daga Stockholm a gaban taron jama'a. Ta yi tafiyar kimanin mita 1,300, iska ta buso, ta karkata, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa na hawan ƙasa da aka bari a buɗe, ta nutse. Kimanin mutum 30 suka mutu. Aka kafa kwamitin bincike, aka yi ta tambayoyi, ba a hukunta kowa ba. Maginin da ya tsara ta ya riga ya rasu tun 1627, sarki kuwa ba a tuhumarsa. Sai a 1961 aka tsamo ta, aka gina mata gidan tarihi a Stockholm, inda mutane ke zuwa kallon kyan sassaƙarta.

Na biyu ya faru a Ingila, ya ma fi kama da abin da ma'aikacin gwamnati zai iya tararwa. Wani hafsan mayaƙan ruwa, Kyaftin Cowper Coles, ya ƙirƙiro hasumiyar igwa mai juyawa, dabara ce kuwa mai kyau. Amma ya dage sai an gina jirgi bisa tsarinsa, mai gajeren baki kusa da ruwa, ga kuma dogayen turaku ɗauke da filafilai. Babban injiniyan ginin jiragen gwamnati, Edward Reed, bai yarda da tsarin ba, ya kuma faɗa. Coles ya koma ga jaridu da 'yan majalisa, aka yi ta matsa lamba har hukuma ta ba da kai, aka ba kamfanin Laird na Birkenhead aikin. Da aka gama jirgin, mai suna Captain, sai aka tarar ya fi yadda aka tsara nauyi da fiye da tan 700, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ta ragu daga ƙafa 8 zuwa kimanin 6 da rabi. Reed ya ajiye aiki a watan Yuli 1870. A ƙarshen wannan watan aka yi wa jirgin gwajin karkata a Portsmouth don a lissafta iyakar abin da zai iya jurewa, amma ya tashi tafiyarsa ta ƙarshe tun sakamakon bai kai ga waɗanda ke cikinsa ba. Daren 6 ga Satumba, wayewar 7, hadari ya same shi a gaɓar Sifen, kusa da Finisterre, ya kife. Kusan mutum 500 suka mutu, 18 suka tsira. Coles da kansa yana cikin mamatan, haka kuma ɗan ministan mayaƙan ruwa Hugh Childers, wanda ya mara wa aikin baya. Kotun soja ta yanke cewa an gina jirgin ne don biye wa ra'ayin jama'a da na majalisa, saɓanin shawarar ma'aikatar da abin ya rataya a wuyanta. An rubuta wannan hukunci a allon tunawa da mamatan a majami'ar St Paul da ke Landan.

To, 'yan'uwa ɗalibai, yawancinmu ba za mu taɓa gina jirgi ba. Amma nan da shekara biyu ko uku waɗansunmu za su zauna a ma'aikatar ayyuka, ko ta ruwa, ko ta lafiya, ko ofishin tsare-tsare, fayil zai sauko daga sama da ɗan rubutu a gefe cewa a gaggauta. A ciki za a ga ana son asibiti mai gado 200 da kuɗin mai gado 80, ko a ƙara hawa biyu a kan harsashin da aka yi don ɗaya, ko a buɗe gada kafin ranar biki ko da siminti bai gama kamawa ba. Ranar nan kai ne jan rubutun. Wanda ya saba tun yana ɗalibi da cewa kowane ƙari yana da ragi a wani wuri, wanda jirginsa ya kife sau goma a kan allo har ya koyi tambayar "me muka cire don mu sami wannan?", ya fi kusa da gane haɗarin da ke cikin fayil ɗin bisa wanda bai taɓa auna kome da kome ba. Wannan shi ne amfanin wasan a ganinmu, mun kuwa ɗauke shi babban amfani.

Sai dai ba za mu rufe ido ga abin da wasan ba ya koyarwa ba, domin masu ƙorafi suna da tasu gaskiyar. Na ɗaya, a kan allo mutuwa ba ta da nauyi. Jirgi ya tarwatse, a yi dariya, a danna a sake. Mutum dubu da suka nutse lamba ce kawai a ƙasan allo, ba wanda zai je gidajensu ta'aziyya. Muna tsoron kada sabo da wannan ya sa yaƙi ya zama abin sha'awa. Mai sha'awar manuwar Yamato ta Japan, wadda ta wuce tan 70,000 in an cika ta, mai igwogi 9 masu faɗin baki santimita 46, ya kamata ya san ƙarshenta. Ranar 7 ga Afrilu 1945 jiragen saman Amurka suka nutsar da ita tare da mutum kimanin 3,000, yawancinsu samari sa'o'inmu, an kuwa tura su tafiyar da manyansu suka san da wuya a dawo. An gina ta don ta kara da manuwoyi 'yan'uwanta, zamani ya juya ya koma na jirgin sama tun tana sabuwa.

Na biyu, kuɗin da wasa ke ba ka daga sama yake faɗowa, na duniya kuwa daga bakin talaka ake cire shi. A 1909 jama'a da jaridu a Ingila suka yi ta kururuwar sai an gina manyan manuwoyi 8 don tsoron Jamus, a daidai lokacin da gwamnati ta fara biyan tsofaffi fansho. Don a biya duka biyun ministan kuɗi Lloyd George ya kawo kasafin da ya ɗora wa masu dukiya da masu filaye sabon haraji, majalisar dattawan ƙasar ta ƙi amincewa, rikicin ya kai ga zaɓe har sau biyu a 1910. Rule the Waves ya ɗan taɓo wannan, domin in ka matsa wa jama'a da yawa tarzoma kan tashi. Amma ɗan ma'auni ne a gefen allo, ba ya jin yunwa.

Na uku, wasa ya fi ba da lada ga ƙira, duniya kuwa riƙo take tambaya. A nan muna da misali a gida. Babban jirgin yaƙin Nijeriya, wanda aka raɗa wa sunan Hausa, Aradu, kamfanin Blohm und Voss ne ya gina shi a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982, tsawonsa kimanin mita 125. A zamaninsa abin alfahari ne, har a 2005 ya je Ingila bikin cika shekaru 200 da yaƙin Trafalgar. Amma ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure a tasha yana jiran gyara, domin jirgi irin wannan kayan gyaransa daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake sayensu, kowace shekara kuma sai an ware. A gefe guda kuwa, a 2012 ma'aikatar gyaran jirage ta mayaƙan ruwa da ke Legas ta kammala Andoni, ɗan jirgin sintiri mai tsawon mita 31, da hannun injiniyoyin gida. Karaduwa ya biyo baya a 2016, Oji a 2021. Babu ɗalibin da zai ɓata darensa yana zana irin Andoni a wasa, don ba shi da kwarjini. Amma wanda ya gina abu da hannunsa ya san inda zai taɓa in ya lalace. Muna so masu ƙera manuwar tan 60,000 a ɗakin hutawa su riƙa tambayar kansu: ina za a narka ƙarfen, wa zai yi walda, wa zai gyara injin bayan shekara 10?

Na huɗu kuwa shi ne wanda masu wasiƙu suka fi nanatawa, watau lokaci. Gaskiya ne. Mun ga wanda ya zauna tun bayan sallar isha'i har aka yi kiran assalatu, yana da lacca ƙarfe 8. Wanda ya koyi raba tan 20,000 tsakanin igwa da sulke, amma ya kasa raba sa'o'i 24 tsakanin wasa da karatu da barci, bai ɗauki darasin ba tukuna. Iyayenmu ba su sayar da amfanin gona suka turo mu nan don mu ci Jamus da yaƙi a kan allo ba.

Bisa ga wannan duka, ga shawarwarinmu. Ga Majalisar Wakilan Ɗalibai: a yi watsi da ƙudurin hani. A maimakonsa a ƙayyade sa'o'i, a kashe kwamfutocin ɗakin hutawa ƙarfe 12 na dare, a rufe wasan mako biyu kafin jarrabawa, masu yinsa kuma su riƙa ba da wani abu a asusun mai. Hani ba zai kashe wasan ba, ɗakunan kwana zai kora shi, inda babu mai ganin agogo.

Ga masu wasan: ku fito da abin fili. Ku shirya gasa sau ɗaya a zango, a ba kowa nauyi ɗaya da kuɗi ɗaya da shekara ɗaya, kowa ya kawo jirginsa tare da shafi guda na bayani, abin da ya zaɓa, abin da ya sadaukar, da dalili. A gayyaci malami daga tsangayar injiniya da wani daga sashen tarihi su yi alƙalanci, a ba bayanin maki daidai da na nasarar yaƙi. Mujallar nan a shirye take ta buga bayanin da ya fi kyau, da Hausa, don mu ga ko za mu iya sama wa waɗannan sassa na jirgi sunaye a harshenmu. A kuma yi gasar a zauren Ƙungiya. Muddin abin yana masaukin maza, 'yan'uwanmu mata a waje suke, alhali a cikinsu akwai waɗanda suka fi mu lissafi, su ma kuwa fayil na jiransu.

Ga waɗanda suka riga mu fita, ƙananan ma'aikata da ke karanta wannan mujalla a ofisoshinsu: mun san maganar ta fi sauƙi a bakinmu, mu da ba a riƙe mana albashi. Ba mu ce ku yi tawaye ba, ba mu ce ku yi wa na gaba rashin kunya ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. In lissafi bai yi ba, ku rubuta a cikin fayil cewa bai yi ba, da ladabi, da alƙaluma, da kwanan wata, da sa hannu. In sakamakon gwaji ya zo teburinku, kada ya kwana, ku bi shi da ƙafa har ya isa hannun wanda ransa ya rataya a kai. Mai yiwuwa a ƙi ji, kamar yadda aka ƙi jin Reed. Amma sau da yawa na gaba ma jira yake wani ya ba shi hujjar tsayawa, sa'an nan takarda ba ta mantuwa. Fleming ya ga gwajin Vasa da idonsa ya bar ta ta tafi, ga shi bayan kusan shekaru 400 da wannan ake tunawa da shi.

Shafin wasiƙu a buɗe yake ga duk wanda bai gamsu ba. Majalisa za ta zauna a kan ƙudurin kafin hutun tsakiyar zango. Muna kira ga kowane wakili ya je ɗakin hutawa ya zauna ko da sa'a ɗaya ce kafin ya ɗaga hannu, ya nemi a ba shi ya gwada gina jirgi guda. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a inda take da tsada, ya kuma ba mu sa'ar jarrabawa, amin.